Sandar Mushe Rolan da Kifin Sale Kuku

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba. Na faɗa tun farko don kada wani ya gyara zama yana jiran in ce na sha iska. Na sha wuya, na bar takalmi ɗaya cikin laka, bayana kuma har yau in na sunkuya alwala sai ya tuna mini. Tun da na dawo Arlit, duk wanda ya gan ni a fadar shayinmu ta bakin tasha sai ya ce, "Garba, yaya ruwa? Ina kifin?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na nemi takarda na rubuta da ɗan bokon da na koya a makarantar manya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Ni mutumin Madarunfa ne. Ubana masunci ne, kakana ma haka, a cikin kwalekwale aka yaye ni. Lokacin da ƙarfen yuraniyom ke da daraja na zo Arlit na kama tuƙi a kampani, aka ba ni motar wani injiniya Banasare, Mushe Rolan. Kukunsa kuwa Sale ne, mutumin Damagaram, maƙwabcina a gidajen ma'aikata. Uban Sale majemi ne. Sale bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, wannan kowa ya sani.

Mushe Rolan yana da wata sandar fatsa ta gora da ya zo da ita daga ƙasarsu. Ba gora irin wadda muke yankewa a bakin tafki ba. An tsaga ta tsagi shida, an fere, an haɗa da gam, an naɗa mata zaren siliki ja a gaɓoɓi, an shafa mata wani abu mai ƙyalli kamar zuma. Gida uku take rabuwa, kowane da bakin ƙarfe, a zura su cikin bututun alminiyam mai murfi. Ba a sa mata tana, ba a sa tuwo. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a ƙugiya a yi kamar ƙwaro, kifi ya zata ƙuda ne. A Arlit, inda ko kwaɗo sai ya yi guzuri, mutumin nan duk safiyar Lahadi sai ya fito kan ciyawar bayan gidansa, ya aje faranti can nesa, ya riƙa kaɗa sandar gaba da baya, igiya na yawo a sama, har ƙwaron ya sauka cikin farantin. Ni ina wanke mota ina kallon wuyan hannunsa. Shekaru na yi haka. Ko sau ɗaya bai ce in taɓa ba.

Wata shekara ya ɗauki hutu zai gangara kogin Kwara. Na gyara mota, na duba taya, na yi wanki da guga. Ran tafiya sai ya ce tuƙi ya iya da kansa, girki ne bai iya ba. Ya ɗauki Sale ya bar ni.

Sale ya dawo da hoto. Ga shi tsaye bakin kogi, ya rungumi giwan ruwa mai kusan tsawonsa, ga sandar gora a jingine da kafaɗarsa, haƙora duk a waje. Ya sa wa hoton gilashi ya rataya inda duk mai shiga zai fara gani. Daga ranar fada ta sa masa suna Sarkin Ruwa. Ina zaune, ni ɗan masunta, ana miƙa wa ɗan majema kofin farko ana cewa, "Sarkin Ruwa, bisimilla." In ya fara labarin yadda kifin ya ja shi, shayi yakan yi mini ɗaci ko an cika sukari.

Sai kasuwar ƙarfe ta faɗi. Kampani ya shiga rage ma'aikata, sunana ya fito a sahun farko. Sale kuwa aka mai da shi kicin ɗin gidan baƙi, ya ci gaba da ƙiba. Muka bar gidan kampani muka koma unguwar bukkoki, inda ruwa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa. Nasaru suka fara haɗa kaya. Da Mushe Rolan zai tafi ya baza kayansa a tsakar gida, mutane suna ta wawar firiji da fanka da katifa. Na ji Sale yana cewa a fada sandar nan tasa ce, ƙarshen wata kawai yake jira. Ban jira ƙarshen wata ba. Da sassafe na je da kuɗin sallamata a aljihu. Mushe ya dube ni ya ce, "Garba, me za ka yi da ita a nan?" Na ce, "Abin da kake yi da ita." Ya yi dariya, ya faɗi kuɗin da ya kusa cinye sallamata duka, ya ce wani tsoho ne ya yi ta da hannu kuma ya mutu. Na biya. Ya haɗa mini da gare-garen naɗe igiya da wani gwangwani cike da ƙwarin gashi.

Uwar Hadiza, matata, keken ɗinki take jira. Ta buɗe bututun, ta zaro sandunan, ta juya su, ta mayar.

Ta ce, "Malam, sauran fa?"

Na ce, "Sauran me?"

"Sauran abin. Ko wannan ne duka?"

Na ce shi ne duka.

Ta ce, "To a ina za ka kama kifin? A randa? Ka bari in cika ta tukuna, yau ba mu sayi ruwa ba."

Ba ta ƙara magana ba har kwana biyu, kuma gara zagi da shirun Uwar Hadiza. A fada kuwa Sale ya shafa bututun ya ce, "Allah sa albarka, Garba. Amma ka san abin a hannu yake, ba a gora ba." Mutane suka yi dariya. Nan na rantse a gaban kowa ba zan dawo ba sai da kifin da ya fi nasa da hoton da ya fi nasa. Da na riƙe bakina da ban sha wannan wuyar ba.

Lokacin tawayen Buzaye ya yi zafi, ba a bin hanyar Agadas sai a ayari, soja gaba soja baya. Na samu wuri a saman wani kamyo, babbar motar kaya, da ya ɗauko tarkacen ƙarfe. Kusa da ni wani dattijon Buzu ne mai suna Agali, daga wajen Gugaram. Fari ya cinye masa raƙuma, za shi Agadas neman gadi. Ya gutsura mini cuku, na ba shi goro. Ya ƙwanƙwasa bututun ya ce, "Wannan abu, shi yana kashe mi?" Na ce kifi. Ya ce shi bai taɓa cin kifi ba, a wurinsu ƙazanta ne, amma Allah ya ba ni sa'a.

A wata bariyar soja aka ce kowa ya sauka da kart ɗinsa, katin shaida, a hannu. Ina laluben aljihu sai na miƙa wa Agali bututun ya riƙe mini. Wauta ce irin ta wanda bai yi tunani ba. Buzu da rawani har ido, riƙe da dogon bututun ƙarfe, a wannan zamanin. Kafin in ɗago kai bindigogi sun juyo. Aka ce ya aje, ya kwanta. Dattijon nan ya kwanta rub da ciki a kan yashi mai zafi. Na ɗaga hannu ina cewa nawa ne, na kamun kifi ne. Sarjan ɗinsu, wani gajere mai gashin baki, ya dubi hamada gabas, ya dube ta yamma, ya ce, "Kifi."

Ya sa ni na buɗe da hannuna su kuma suka ja baya. Ya ce in haɗa. Mushe Rolan kafin ya haɗa sandar yakan goga bakin ƙarfen a gefen hancinsa, don maiƙon jiki ya sa ya shiga da sauƙi. Na yi yadda na saba gani. Wani soja ya ce, "Sarjan, tofi yake yi mata." Na haɗa, na zura igiya, na ɗaura ƙwaro. Sarjan ya ce in nuna yadda take aiki. Ban taɓa kaɗa ta ba, a ɗaki kawai nake shafa ta. Na kai ta baya da ƙarfi kamar mai dukan jaki, na kawo gaba, sai ga hular wani soja ta biyo igiya ta faɗi a gaban sarjan. Kowa ya dubi sarjan. Sai sarjan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, sauran ma suka bi. Ya ce, "Tashi, tsoho. Kai kuma mai bulala, ɗauki kayanka, in ka kama ka kawo mana kai."

Da muka hau mota na koma wurina kusa da Agali. Ya kakkaɓe yashi daga rawaninsa, ya ce, "Aboki, kai riƙe abinki." Har Agadas bai sake ba ni cuku ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Niyyata in gama komai a Tabalak, tunda tafkinsu na kan hanyar Tawa kuma da can in mun wuce da Mushe har kifi soyayye nake saye ta taga. Na sauka na tarar ruwa ya gudu. Ƙasa ta tsattsage, mutane sun shuka wake da kankana a inda jirage ke yawo da. Can tsakiya na hango ɗan ƙyalli, na nufe shi. Saman laka ya bushe, ƙasanta da rai. Na nutse har cinya, na ɗaga bututun sama kamar jariri. Wasu mata masu ban ruwan wake suka miƙo mini itace suka jawo ni, takalmin dama ya zauna can. Babbarsu ta ce, "Bawan Allah, daga ina?" Na ce Arlit. Ta ce, "Haba, shi ya sa." Ta ce kifin da ya rage tarwaɗa ce ta shige laka tana jiran damina, in ina so in zo da fartanya. Na sayi silifa a bakin hanya na nemi mota.

Daga nan Tawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso. Ba abin faɗi sai zafi da tura mota. Ko'ina mutane sun baro ƙauye suna zaune bakin tasha da ƙullin kaya. In suka tambaye ni abin da ke cikin bututun sai in ce ma'aunin kampani ne. Na ji kunyar in ce wa mai jin yunwa na sayi sandar da ake ba kifi gashin kaza.

A Gaya na ga Kwara. Shi ma fari ya taɓa shi, tsibiran yashi duk sun fito, amma ga wanda ya shekara ashirin a Arlit wannan teku ne. Na tsaya kan gada har mai kura ya zage ni. Sale in yana cika baki kullum yakan ambaci wani Baba Na'Allah, sarkin ruwan wata tungar masunta a ƙetare, ɓangaren Benin, wai nan suka sauka. Don haka na ƙetare gada zuwa Malanbil. Ɗan duwan na can, wato jami'in kwastan, ya buɗe bututun, ya ɗaga sandar tsakiya ya duba ta a rana, ya tambaye ni ko eriyar rediyo ce. Da na yi masa bayani ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji, suka sa na maimaita, sannan suka ce in wuce. Ban san abin da suka faɗa da yarensu ba, amma na san dariya a kowane yare.

Mutanen can sai kallo. Mata ke tuƙa babur da goyo a baya, su ke riƙe da kasuwa, namiji in ya yi wasa a taya masa ciniki a kore shi. Fetur a kwalba ake sayarwa bakin hanya kamar man gyaɗa. Suna kirɓa doya a turmi su yi tuwo mai santsi wanda ba a tauna shi, na ci na ƙoshi, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo, hatsi dai hatsi ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ruwa. Na ga mutum ya tura babur cikin kogi yana wanke shi. Na ga mace ta ɗauraye kwano ta watsar da ruwan da Uwar Hadiza za ta yi wanke-wanke da shi, ta yi shara, ta ba akuya sauran. Na ji haushinsu, ba su yi mini komai ba.

Zuwa tungar sai da kwalekwale. Abin kunya, da jirgin ya fara rawa na kama gefe da hannu biyu. Mai tuƙi ya ce, "Baƙo bai saba ba." Na ce ubana masunci ne. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Mutanen tungar Kabawa ne, Hausarsu da nauyi amma muna jin juna. Baba Na'Allah tsoho ne siriri, baƙi wuluk, idonsa ɗaya ya yi fari. Yana gyaran mamari na same shi, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere. Na gaishe shi, na faɗi sunan ubana da garinmu. Ya ce ɗan masunci ba baƙo ba ne, ya sa aka ba ni rumfa kusa da inda mata ke banda. Hayaƙi da rana, sauro da duhu, ƙarni ko yaushe. Tuwon shinkafa da kifi safe, rana, yamma. Na yi shekaru ina mafarkin kifi, cikin 'yan kwanaki na fara mafarkin fura.

Da na zaro sandar, Baba ya ce, "Af, bulalar Nasara. Ina mai ita?"

Na ce ya koma ƙasarsu, yanzu tawa ce, saye na yi.

Ya karɓi gwangwanin ƙwarin, ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa mai gani, ya shafa bakin ƙugiyar da babban yatsa. Ya ce, "Ɗana, ka duba abin da ka saya kuwa? Ƙugiyar nan ba ta da ƙaya." Na karɓa na duba. Ƙayar nan da ke hana kifi zamewa an matse ta ta kwanta. Na duba ta biyu, ta uku, duk gwangwanin haka. Ya ce, "Da gangan yake yi. Mutumin nan in ya kama kifi sai ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiya, ya dube shi kamar ya ga ɗan'uwansa, ya mai da shi ruwa. Duk zamansa nan ko ɗaya bai kai tukunya ba. Mu muke ba shi na ci."

Na ce, "To giwan ruwan fa? Wanda kukunsa ya kama?"

"Wane kuku? Mai tumbin nan da ya ƙi shiga jirgi?" Ya juya ya kira matarsa, "Inna, kin tuna mai dafa wa Nasara?" Daga cikin hayaƙi ta ce, "Wanda ya ce a riƙe masa wutsiya kada ya mare shi?" Baba ya ce, "Shi. Kifin mamarina ne. Ya mutu tun asuba. Ya roƙi maigidansa ya ɗauke shi hoto da shi, mutum biyu suka ɗora masa, suka kauce. Sandar ma jingina masa aka yi. Aikinsa riƙe bututu in Nasara na bulala."

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na sa ya maimaita. Na sa Inna ta maimaita maganar wutsiya. Na ci tuwo malmala biyu. Na riƙa shirya yadda zan faɗe shi a fada, inda zan tsaya in kurɓi shayi, inda zan dubi Sale.

Baba ya ce in hoto nake so abu ne mai sauƙi. Ran kasuwa akwai mai hoto a Malanbil, kuma ba a rasa babban kifi wurin dillalai, a ara mini in runguma. Na kwana biyu ina juya maganar. Ba tsoron Allah ya hana ni ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da ya hana ni, in na yi haka na zama na biyun Sale. Ya riga ni ko a ƙarya.

Sai na ce zan kama nawa. Na bi bakin kogi ina bulala. Inda ruwa ya yi ƙasa taru ya riga ya share komai. Na kama ciyawa, na kama reshen ƙirya, na kama hulata, sau ɗaya na kama zanen da wata ta shanya. Igiya ta riƙa ƙullewa a sama tana zubo mini a ka. Mata masu wanki suka mai da ni abin kallon yamma, in na zo sai su ce, "Ga mai dukan ruwa, me ya yi maka yau?"

Kifin duk ya taru a wani gurbi mai zurfi ƙasa da tungar. Gurbin kuwa a ɗaure yake. Al'adarsu ce, in ruwa ya ja baya sarkin ruwa yakan ɗaure gurbi, ba taru, ba mamari, ba mashi, sai ranar da ya kwance kowa ya shiga tare. A shekarar fari irin wannan gurbin nan shi ne rumbunsu. Na roƙi Baba. Ya ce, "Nasara na bar shi ya shiga ne saboda ba ya ɗauka. Kai ma ƙugiyarka tasa ce. Ka shiga, amma abin da ka kama na gurbi ne, ka mayar." Na ce na yarda. A raina na ce in na kama babba ma yi magana.

Ya kai ni da kansa cikin ƙaramin jirginsa bayan la'asar. Rana ta yi sanyi, wasu ƙananan ƙwari farare suka fito suna rawa bisa ruwa, sai na ga ruwan yana ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi. Kawara ce, wani ƙaramin kifi, ke tasowa tana cafke su. Na zaɓi ƙwaro fari. Hannuna ya riga ya gaji, ba ni da ƙarfin duka, sai na tuna wuyan hannun Mushe. Ba ya dukan komai. Yakan kai baya, ya ɗan dakata kamar mai jiran amsar sallama, sannan ya kawo. Na kai, na dakata, na ji sandar ta ɗauki nauyin igiyar da kanta, na kawo. Igiya ta miƙe ta kwanta, ƙwaron ya sauka a hankali ko ruwa bai ji ba.

Aka cafke.

Na kama kifi da yawa ina yaro, da homa, da mamari, da hannu ma. Wannan daban ne. Gorar ta lanƙwasa tun daga kai har cikin tafina, duk motsin da kifin ya yi sai ya biyo ta ya shigo mini hannu, har bugun wutsiyarsa ina ji. Kamar ka riƙe abu mai rai ta jijiyarsa. Ya yi tsalle, ya yi fari a rana, ya koma. Gare-garen ya yi ƙara. Baba yana cewa, "Kada ka sassauta, ba ƙaya, zai zame." Ban sassauta ba. Na jawo shi gefen jirgi na sa hannu na ɗauko.

Tsawonsa bai fi tafin hannuna da yatsu ba. Giwan Sale zai haɗiye goma irinsa bai san ya ci ba. Amma nawa ne, kuma da na shanya shi na kawo Arlit da ko ba komai na aje shi a tiren shayi.

Na ce, "Baba, wannan ɗan abin ko gurbin bai san ya fita ba."

Ya ce, "Ni na sani."

"Daga Arlit fa na zo. Na rantse a gaban mutane."

"Ruwa a ɗaure yake, Garba. Ko ɗan cikina ne zai mayar. In na bar maka wannan, gobe me zan ce wa mai 'ya'ya takwas?"

Na taɓa ƙugiyar, ta zame da kanta, ko jini babu. Na sa shi cikin ruwa ina riƙe, ya tsaya cikin hannuna yana buɗe baki, sai ya fizge ya tafi. Ba mai hoto, ba kowa, daga ni sai tsoho mai ido ɗaya. Na ƙara jifa har magariba, ban sake samu ba. Kwanakin da suka biyo iska ta taso, ƙwarin ba su fito ba, guzurina kuma ya ƙare.

Inna ta ɗaure mini bandar tarwaɗa a takardar siminti. Ita ce wadda wasunku suka ci a gidana, kuma na faɗa muku tun ranar kyauta ce, ba kamuna ba. Dawowa ta fi zuwa wuya, sai dai ba sabon abu. A Agadas na ga Agali zaune ƙofar wani butik, wato shago, da sanda, ya samu gadin. Na ba shi goro, ya karɓa, ya ce, "Ya kashe?" Na ce ya kama ya saki. Ya ce, "Gara haka." A bariya sarjan ya gane ni, ya ce ina kan kifinsa. Na ba shi tarwaɗa biyu.

Na iso Arlit da labarin Sale a bakina, na wasa shi tun daga Gaya. Uwar Hadiza ta karɓi bandar, ta shinshina, ta ce, "To, ko ba komai." Sannan ta ce Sale sun tare bayanmu, an rufe gidan baƙi, sunansa ya fito.

Ban ko wanke ƙafa ba na zagaya. Na same shi zaune kan kwali cikin bukkar da ko ƙofa ba a sa mata ba, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Hoton yana ƙasa jingine da buhu, don bangon tabarma ba ya riƙe ƙusa. Muka gaisa. Na buɗe baki ke nan ya riga ni.

Ya ce, "Ka ga Baba Na'Allah? Yana nan da rai?"

Na ce yana nan.

"To ya faɗa maka ke nan." Ya dubi hoton. "Nauyi gare shi kamar gawa. Kwana uku ina warinsa."

Duk abin da na shirya ya zube. Na ji haushi ƙwarai, mutum ya hana ka ko daɗin kunyata shi. Shi ya sa na rubuta a nan, kuma na gaya masa zan rubuta, ya ce in rubuta.

Ya ce, "Kai fa? Ka kama?"

Na nuna masa tafin hannuna. Na ce na mayar.

"Da ita? Da ƙwaron?"

"Da ita."

Ya gyara zama a kan kwalin. Ya ce, "Mushe in ya kama sai in ga gorar tana rawa, fuskarsa ta canza. Kullum ina bakin gaɓa da bututu. Yaya abin yake a hannu?"

Na dube shi, na ga irin kallon da na shekara ina yi wa hotonsa. Na ce, "Ba ya faɗuwa, Sale. Sai wanda ya ji." Na tashi na tafi. Har yanzu shi ke da hoto, ni ba ni da shi, kuma har yanzu wasunku Sarkin Ruwa suke ce masa, ina ji.

Washegari da safe na ɗauki farantin Uwar Hadiza na fita filin bayan bukkoki, wajen da ake zubar da tsofaffin tayoyi. Na aje farantin a kan yashi, na ja baya. Ina goga bakin ƙarfe a hancina sai ga Sale ya fito da butarsa, ya tsaya. Ya matso. Ya miƙo hannu wajen sandar.

Na miƙa masa bututun na ce ya riƙe mini, kada yashi ya shiga.